Kira Uku Ranar Talata

Laraba, 5 ga wata, 7:10 na safe

Inna tana asibiti. Ƙashin ƙugunta na hagu ya karye. Jiya ta zame a banɗaki wajen ƙarfe ɗaya na rana, ba wanda ya sani sai biyar saura, da maƙwabciyarta, Maman 'Yan Biyu, ta shiga karɓar rigar da ta kai a rage mata. Awa huɗu a kan tayil mai ruwa.

Awa huɗu. Na sake ƙirgawa da yatsu, bai ragu ba.

Gobe za a yi mata aiki. Yaya ne a wurinta yanzu, ni zan karɓe shi in an tashi daga makaranta. Wayarta tana cikin jakata. Ni na ɗauko ta.

Laraba, 4:30 na yamma

Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni ma haka nake cewa.

Alhamis, 6 ga wata, 6:15 na yamma

An yi aikin, an sa mata ƙarfe. Ta farka da la'asar, leɓenta a bushe. Ta dubi Yaya, ta dubi rufi, sannan ta gan ni a bakin gado.

"Auta," ta ce, "ai na kira ki."

Yaya ya juyo ya kalle ni. Na ba da amsa. Ba zan rubuta ta a nan ba.

"Kin ji, Inna," in ji Yaya, yana gyara mata bargo, "ta ce ba ta ga kira ba. Allurar barci ce ba ta sake ki ba tukuna. Ki huta."

Inna ta daɗe tana kallona. Sai ta rufe ido.

Juma'a, 7 ga wata, 10:20 na safe, ofishin malamai

Ba ni da darasi sai sha ɗaya. Bari in rubuta maganar wayar, tunda ta ƙi barin raina.

Wayar Inna shekararta takwas. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina sabunta ta tun tuni, ta yi nauyi, kafin ta buɗe saƙo sai ka ɗora ruwan shayi ya tafasa. Wata uku da suka wuce Yaya ya ce zai saya wa Inna sabuwa. Ni na hana. Na ce waya lafiyarta ƙalau, tsarin da ke tafiyar da ita ne ya tsufa, a ba ni kwana biyu. Akwai wani tsari na kyauta da masu sa kai suke rubutawa, an bar shi a buɗe, kowa na iya karanta cikinsa ya gyara. Shekarata biyu a zaurensu na intanet, na sa shi a wayoyi huɗu da mutane suka jefar, duka suka tashi. Na haɗa ta Inna da kwamfuta, na share tsohon, na zuba sabon. Ta dawo kamar budurwa. Batirin da ba ya kai la'asar ya koma yana yin kwana biyu.

Na share komai daga fuskar wayar, na bar hoto ɗaya babba, nawa. Idon Inna ya yi rauni, shekara arba'in tana zura zare a allura. Na ce, "In wani abu ya faru, ki danna fuskata kawai." Ta ce, "Fuskar da na sha goge wa majina?" Ta ɗinka wa wayar 'yar jaka mai igiya, tana rataya ta a wuya har banɗaki, don ni na ce ta riƙa yin haka.

Yaya ya ce, "Injiniya ta yi aiki." Haka yake kirana in yana tsokana, ni da abin nawa bai wuce koya wa yara kwamfuta ba. Ranar dai ba tsokana ba ce. Na ji daɗi har kunnena ya yi zafi.

An buga ƙararrawa.

Asabar, 8 ga wata, 5:40 na yamma

Inna ta sake faɗa, yau har da adadi.

"Sau uku. Biyu ta ɗauka, ina jin ta tana cewa Inna, Inna. Ina ta magana. Na uku ba ta ɗauka ba."

Yaya ya ce, "Ina wayar take? Mu duba, ko hankalinta ya kwanta."

Na ce tana jaka, bari in zaga in dawo. Minti biyu na yi. Na dawo na miƙa masa wayoyi biyu, tata da tawa. Ya buɗe jerin kira, ya kai wa Inna har gaban ido.

"Kin gani? Ranar Talata babu komai."

Babu komai. Fes.

Lahadi, 9 ga wata, 2:00 na rana

1:12. 1:15. 1:31. A kaina suke, can kuma ba a gogewa.

Litinin, 10 ga wata, 3:50 na yamma

Na shiga zauren yau, ban yi niyya ba, hannu ne ya saba.

Kowace waya tana da shafinta, da jerin abubuwa: allo, caji, kyamara, saƙo, kira. Abin da ke aiki a sa masa kore, wanda ke aiki rabi da rabi a sa rawaya, wanda ba ya yi a sa ja. A shafin irin wayar Inna, kira rawaya ne tun shekara biyu. Wata uku da suka wuce ya koma kore. A ƙasa an rubuta sunan da nake amfani da shi a zauren, da kwanan wata.

Akwai saƙo yana jirana daga wani da ban sani ba, daga wata ƙasa. Ya ce ya gode, ya daɗe yana jiran kira ya yi kore a wannan waya. Mahaifinsa yana da irinta, yana zaune shi kaɗai, zai sa masa tsarin in ya je gida ƙarshen wata.

Na rufe kwamfutar. Na shiga aji na koya wa 'yan aji biyu yadda ake adana aiki kafin a kashe na'ura. Wata ta ce, "Malama, ba ki da lafiya ne?" Na ce mura ce.

Talata, 11 ga wata, 6:30 na yamma

Yaya ya yi wa likita maganar kiran. Likitan ya zo da takarda, ya ja kujera.

"Mama, yau wace rana ce?"

"Ɗana, a ɗakin nan ranaku duk kaya iri ɗaya suke sawa."

Bai yi dariya ba. Ta ce Litinin. Ya rubuta. Ya ce ta fara daga ɗari tana cire bakwai bakwai. Matar da take kallon mutum sau ɗaya ta yanka masa riga ba tare da awo ba. Ta ce casa'in da uku, ta ce tamanin da shida, sai ta tsaya ta dubi Yaya.

"Kai ka sa a yi mini jarrabawa?"

Ta juya fuska bango. Wannan ma ya rubuta.

A baranda likitan ya ce ana samun haka ga tsofaffi bayan faɗuwa da aiki, mutum ya riƙa tuna abin da bai faru ba. Ya ce a sa ido, kuma bai ga ya dace ta koma zaman kaɗaici ba. Yaya ya ce dama abin da yake tunani ke nan. Zai kwashe ɗakin yaransa ya gyara mata. A saki gidan, keken ɗinkin a ba wani.

"Ko ya kika gani, Auta?"

Na ce, "Duk yadda ka yi daidai ne, Yaya."

Laraba, 12 ga wata, 7:00 na safe

Ban ci abinci ba. Wayar tana cikin jakata.

Alhamis, 13 ga wata, 4:45 na yamma

Na gwada. Na ajiye wayar Inna a kan tebur awa ɗaya ban taɓa ta ba, har ta yi barcinta. Na tashe ta, na danna fuskata. Tawa ta yi ƙara. Na ɗauka, na kunna rediyo kusa da ta Inna, na kara tawa a kunne.

Shiru. Ko numfashi babu.

Na yi magana a tawa, muryata ta fito tar daga ta Inna.

In wayar ta daɗe a ajiye, makirufo ba ya farkawa tare da ita. Kira yana shiga, kana jin mutum, shi ba ya jin ka. Sai an kashe an kunna.

Me ya sa nake rubutawa kamar yau na gano? Sau biyu ya faru a makon farko. Na kashe na kunna, ya yi, na ce ƙaramin abu ne, zan duba shi in an yi hutu. Washegari na je na mai da rawaya kore, don ina so sunana ya hau shafin.

Ranar Talatar kuma ina ofishin malamai, muna cin abinci, malamin lissafi yana ba da labarin yadda tayarsa ta fashe, ana ta dariya. Na ɗauka na ce Inna, Inna, na kashe. Na biyu ma haka. Na uku na kife wayar a kan tebur na ce, "Tsohuwar nan ta zauna a kan waya." Aka yi dariya. Na ce zan kira ta in na fito daga aji.

To, na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Asabar, 15 ga wata, 1:20 na rana

Matar Yaya ta zo da ayaba da lemo. Tana ɓare wa Inna, ta ce cikin lallashi, "Inna, har yanzu kina ganin kin kira Auta?"

Inna ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Ƙila mafarki na yi."

Yaya ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Alhamdulillahi, sauƙi ya fara samuwa. Ni na fita na tsaya wajen famfo har wata ma'aikaciya ta ce in matsa za ta ɗebi ruwa.

Lokacin da take musu, ina iya tsayawa a ɗakin. Yanzu ba na iyawa.

Lahadi, 16 ga wata, 6:00 na yamma

Mun je gidan Inna da kwalaye. Yaya ya fara da kicin, ni ya ba ni ɗakin ɗinki. Komai yana yadda ta bar shi. Rigar wata a ƙarƙashin allura, an yi hannu ɗaya. Alli a kan taga. Gwangwanin maɓallai, da tabaranta a kansa. A bango sunayen masu kaya da ranar karɓa, da rubutunta manya manya, ko ɗaya bai karkace ba.

Ban shiga banɗakin ba.

Maman 'Yan Biyu ta leƙo, ta ga kwalaye, ta riƙe baki. "Yanzu tashinta za a yi? Wa zai riƙa yi mini faɗa in na bar shara a ƙofa?" Sai ta rage murya. "Ranar nan da na shiga, wayar tana hannunta, ta ƙanƙame ta. Muryarta ta dushe. Abin da take ta cewa shi ne, ina jin ta, ita ce ba ta ji na."

Yaya yana tsaye da tukunya a hannu. Ya girgiza kai. "Kin ji ko? Tun a lokacin abin ya fara."

Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Tun ina firamare na san karin maganar nan, na sha cin maki da ita.

Kwali ɗaya na cika. Na ce kaina na ciwo.

Litinin, 17 ga wata, 11:15 na safe

Na mai da kore ja. Na rubuta a ƙasa yadda abin yake faruwa, da yadda za a gwada. Na rubuta wa mutumin nan cewa kada ya sa wa mahaifinsa, ko da wasa. Na ce wata tsohuwa ta faɗi ta kira ba a ji ta ba.

Wata tsohuwa. Ga mutanen da ba su san fuskata ba ma, iyakar abin da na iya ke nan.

Talata, 18 ga wata, 3:30 na yamma

Amsa goma sha ɗaya. Ba wanda ya zage ni. Mutumin ya gode. Wata da ta fi kowa daɗewa a zauren ta gano inda matsalar take, layi shida ne, ta aiko da gyara ta ce in gwada. Ta ƙara da cewa, "Ya jikin tsohuwar?"

Na gwada sau biyar. Makirufo yana farkawa.

Layi shida. Da na buɗe baki wata uku da suka wuce, da kwana ɗaya ya isa.

Na so a ce wani ya zage ni.

Laraba, 19 ga wata, 5:10 na yamma

Yaya ya tafi karɓo magani, ya rage ni da Inna. Ina shafa mata mai a ƙafa. Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe.

"Inna, kin kira."

"Na sani."

"Sau uku."

"Na sani, Auta. Ni na danna."

Na faɗa mata sauran, da makirufo, da jerin kiran, da abin da na ce a ofishin malamai. Ban ɗaga kai ba, ƙafarta nake yi wa magana. Hawaye yana ɗiga a kan man.

"To me ya sa kika ce mafarki ne?"

"Na ga kina ramewa. Na ce bari in sassauta igiya ko za ki zo da ƙafarki." Ta janye ƙafar. "Faɗuwa, ruwa ne ya kayar da ni, ba ke ba. Waya kuma ƙarfe ce, tana iya ƙin ji. Amma kina tsaye yaron nan ya sa ni ƙirge kamar 'yar aji ɗaya. Kina tsaye. Wannan ban gama da shi ba tukuna."

Na ce ta yafe mini.

"Ba yau ba. Ki saurara. Kwana goma sha biyar na ba ki. Ba zan bar gidana da kekena don in rufa miki asiri ba. Gobe ki faɗa wa yayanki, ko ni in faɗa. Ɗaya ƙafar fa? Ita ba ta son mai?"

Na shafa wa ɗayar.

Alhamis, 20 ga wata, 6:50 na yamma

A wurin ajiye motoci na faɗa masa. Yana neman makulli a aljihu, ya tsaya da hannu a ciki har na gama.

Na ɗauka zai yi ihu. Tun muna yara muryarsa ke riga shi shiga gida.

"Kin goge," ya ce.

"Na goge."

"Kika miƙo mini, na kai mata gaban ido."

"Eh."

"Ni na kira likita. Ni na ce uwata ta ruɗe. Na faɗa wa matata, na faɗa wa dangi a waya." Ya dubi hannunsa. "Da hannuna kika yi aikin."

Ya bar ni a nan ya koma ciki. Na bi shi daga nesa, na tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa a gefen gadon, babban mutum da furfura a gemu, ya kifa goshi a kan katifa. Inna ta ɗora hannu a kansa tana cewa, "Tashi, ana kallonka." Shi da bai yi komai ba sai yarda da ƙanwarsa.

Da ya fito ya wuce ni kamar bango.

Asabar, 22 ga wata, 9:00 na safe

Ni na je na sami likitan na gaya masa. Ya cire tabarau ya kalle ni, ya ja layi a kan abin da ya rubuta. 

Asabar, 4:20 na yamma

Na mai da kayan kwalin inda suke. Yaya ya riga ni zuwa, kicin ya koma yadda yake, ya sa an kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, an shimfiɗa roba a ƙasa. Na shiga. Ɗan ƙarami ne, taku uku. Na zauna a ƙasa na duba abin da ake gani daga nan: ƙasan ƙofa, bokiti, tagar da hannu ba ya kaiwa. Minti goma na iya.

Talata, 25 ga wata, 7:30 na yamma

An sallame ta. Gidanta muka kawo ta. Na ɗauki hutu a makaranta, na shimfiɗa katifa a ɗakin ɗinki. Yaya ya saya mata sabuwar waya mai maɓallai manya, shi ya sa lambobi da kansa. Tasa ce ta farko, ta Maman 'Yan Biyu ta biyu. Ban duba ko akwai ta uku ba.

In yana da magana da ni, Inna yake faɗa wa. "A gaya mata magani ƙarfe takwas." Inna ta ce, "Ni na zama masinja da karyayyen ƙugu?" Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Alhamis, 27 ga wata, 12:00 na rana

Mai gashin ƙashi ta ce ƙafar hagu za ta ɗan gajarta. Ba za ta koma yadda take ba. Ta ce daɗewar da aka yi ba ta taimaka ba, ba ta san wa take faɗa wa ba.

Asabar, 29 ga wata, 5:00 na yamma

Yau Inna ta ce ta gaji da gado, tana so ta ga waje. Yaya yana nan. Na kawo mata ƙarfen da take dafawa ta yi tafiya, ta kama, ta miƙe tana cije leɓe. Na miƙa hannu.

"Bari," ta ce.

Na janye. Ta fara takawa. Ƙarfe gaba, ƙafar dama, sannan ta jawo ta hagu. Duk taku sai kafaɗarta ta karkata. Zufa ta jiƙa mata wuya. Ina gefenta da hannuwa a buɗe ban taɓa ta ba, Yaya yana ɗaya gefen. Taku goma sha ɗaya daga gado zuwa ƙofar gida.

A bakin ƙofa akwai tudu, ƙarfen ba ya hawa. Ta tsaya tana haki, tana kallon titi, mai sayar da ruwa yana wucewa, Maman 'Yan Biyu ta saki tsintsiya tana tafi. Inna ba ta juyo ba.

"To, yanzu kawo."

Na ba ta hannu. Ta kama da ƙarfi har farcenta ya shiga fatata, ta saki nauyinta duka a kaina.

Daga bayana Yaya ya ce, "Riƙe ta da kyau, Auta."

Na riƙe.